Ƙafar Agwagwa

Ƙarfe shida na safe a Rayfield,
tsohon ramin kuza yana tururi kamar tukunyar da aka sauke,
amma tsoma yatsa ka ji.
Ina zaune bisa dutse ina cusa ƙafa cikin baƙar roba
mai faɗin faifai,
yara masu tallan masara suna nuna ni da baki:
ga ƙato da gemunsa ya koma agwagwa.

Davou ya busa usur.
"Daga ƙugu! Daga ƙugu na ce!
Kana taka ruwa kamar mai tuƙa keke a hawan Gada Biyu."
Na ce to.
Sai dai jiki da nasa kunnen,
kuma kunnen ƙashi ne.
Duk marin da na yi wa ruwa,
ruwa sai ya rama a kan gwiwa.

Ta dama ce ta fara,
can ƙarƙashin ƙoƙo,
kamar tela ya manta allura cikin ɗinki.
Sati uku, ta hagu ta yi mata kara.
Yanzu matakala tara ta gidanmu
na san kowace da irin gaisuwarta,
hawa da sauƙi,
bala'in yana wajen saukowa.

Ran Laraba da magariba
na jawo farar kujera na shiga sahun dattawa,
ni da shekara talatin da ɗaya.
Baba Ɗanjuma ya dube ni, ya matsa.
Da aka sallame ya zaro man zafi daga aljihu,
ya danƙa mini a ɓoye kamar goro,
bai tambaye ni dalili ba, bai gaya wa kowa.

Hansatu tana gasa mini da tsumma.
"Wuta aka ɗauke ka kashewa,
me ya kai ka nutso?"
Ta san amsar.
Ta matse tsumman fiye da yadda ya kamata,
ta juya fuskarta wajen kwano
don kada in ga idonta ya kawo ruwa.

Zayyanu. Shekara sha huɗu.
Silifansa biyu a bakin rami, ɗaya a kife.
Mun fi mutum ɗari a tsaye,
da igiya, da gora, da addu'a,
babu ko ɗaya da ya iya sauka ƙasa.
Kwana biyu, sai da ramin ya ga dama
ya dawo mana da shi.
Na sha jin ana cewa gwiwa ta yi sanyi,
ranar na san ba karin magana ba ne,
a tsaye nake, sai ga ni a durƙushe cikin laka da ciyawa.

Likita a Lamingo ta lanƙwasa, ta miƙe, ta danna.
"Nan?" Na ce nan.
"Hutun sati biyu. Nemi gajeren takalmi mai laushi.
Ka sa ƙanƙara safe da yamma."
Ƙanƙara, a Jos!
Na sayi ta ɗari biyu wurin mai zoɓo,
tana ta yi mini kallon wanda ya fara taɓuwa.

To, ga ni a bakin ruwa da bargo,
usur ɗin Davou a wuyana,
ina ƙirga wa wasu numfashi.
Da dare in kwanta rub da ciki kan tabarma,
in ɗaga ƙafa daga ƙugu, a hankali, goma goma,
Ummita a gefena tana kwaikwayo,
mu biyu muna iyo a busasshiyar ƙasa.

Sun ce iya ruwa fidda kai.
Ni ba kaina na je fitarwa ba.

Takalman suna rataye a ƙusa bayan ƙofa,
sun bushe, sun fara tara yana.
Saura kwana shida.
Na dafa ta dama, na dafa ta hagu,
na ce: ku yi haƙuri, ni na yi gaggawa.
Ku warke.
Damina na tafe, ramuka za su cika,
kuma yaran unguwa ba sa jin hanawa.